Yadda Ake Shimfiɗa Firaima da Fesa Fenti a Kan Akwatin Wasan Gem na Katako

Wanda ya shafe makonni yana awo, yana yanka katako, yana haɗa akwatin wasan gem irin na tsaye, wato wanda ake tsayawa a gabansa a riƙe sandar sarrafawa ana danna maɓallai, yakan iso matakin fenti cike da ɗoki, domin a ganinsa aiki ya ƙare, saura kwalliya. A wannan mataki ne akwatuna da yawa da aka haɗa a gida suke rasa kyansu. Irin wannan akwati ya samo asali ne daga gidajen wasa na Amurka da Japan, tun daga wasan Pong da kamfanin Atari ya fitar a 1972, da Space Invaders na Taito a 1978, da Pac-Man na Namco a 1980, da Donkey Kong na Nintendo a 1981, kuma tun daga nesa ake gane kowanne da launinsa: akwatin Pac-Man da aka sayar a Amurka rawaya ne, akasarin na Donkey Kong kuma shuɗi mai haske. A yau masu sha'awa suna haɗa nasu da tsohuwar kwamfuta ko ƙaramar na'urar Raspberry Pi, su ɗora manhajar MAME mai kunna tsofaffin wasannin, wadda ta fara fitowa a 1997. Duk waɗannan na'urori a ɓoye suke a ciki. Abin da baƙo zai fara gani, ya kuma shafa da hannunsa, shi ne fentin.

Abu guda nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan: fentin feshi ba ya rufe aibin katako, fito da shi yake yi. Kaurin hawa ɗaya na fentin feshi bai kai kaurin takardar rubutu ba, saboda haka duk wani rami, ko ƙarzuwa, ko kan ƙusa da aka bari, zai bayyana a saman fentin fiye da yadda yake a kan katakon, musamman idan launin baƙi ne mai ƙyalli. Mafi yawan lokacin aikin zai tafi ne wajen cike ramuka, da gurza, da firaima, wato fentin shimfiɗa da ake fara sa wa katako kafin launi. Feshin launin kansa shi ne mafi gajarta.

Sanin katakon da aka yi aiki da shi

Yawancin waɗannan akwatuna da MDF ake yin su, mai kaurin milimita 18, wanda ake sayarwa a falle mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8. Garin itace ne da aka cuɗa da gam aka danne shi da zafi, don haka fuskarsa sumul take, ba ta da jijiyar itace, kuma tana karɓar fenti da kyau. Rauninsa yana wurare biyu. Na farko, ba ya jure ruwa, yana shansa ya kumbura, kuma idan ya kumbura ba ya komawa. Na biyu, bakinsa, wato wurin da zarto ya yanka, buɗe yake kamar soso, yana shanye fenti hawa bayan hawa ba tare da ya yi santsi ba. Filawud ya fi MDF rashin nauyi da jure laima, amma jijiyar itacen tana nunawa ta cikin fenti, kuma a bakinsa akan sami 'yan ramuka tsakanin fallayen da aka manna, waɗanda dole a cike su. Duk abin da zai biyo baya ya shafi katakon biyu, sai dai zan fi tsayawa a kan MDF domin shi ya fi ba mutane wahala.

A gama duk wani yanka kafin a buɗe gwangwani

Kafin a taɓa fenti, a tabbatar an huda ramukan maɓallai da na sandar sarrafawa, da na sifika, da ƙofar baya, da ramukan shan iska. Idan za a sa robar baki, wato doguwar robar da ake cusawa a gefen bangon akwati domin ta rufe bakin katakon, to a yanke siririn ramin da za ta shiga da injin rauta tun yanzu, saboda gindin injin yana ƙarzar fenti idan aka bari sai daga baya. A haɗa komai a gwada, a ga allon kallo ya zauna daidai kuma ƙofa tana rufuwa, sannan a kwance duk wani abu da ba katako ba: allon kallo, wayoyi, sifika, fitilar saman akwati, gilashi, maɓallai, makullai da patta. Rufe su da jarida ba ya wadatarwa, domin ƙurar fenti tana shiga inda ido ba ya zato. Faifan maɓallai da ƙofar baya a ciro su a fesa su daban a kwance, domin fenti ya fi kwanciya daidai a kan abin da yake shimfiɗe.

A ajiye guntayen katakon da suka rage daga yanka. Da su za a gwada kowane firaima da kowane fenti kafin a kai kan akwatin.

Cike ramuka da gurza

A bi kowane sukuru da kowace ƙusa a tabbatar kansu ya nutse ƙasa da fuskar katako da kamar milimita ɗaya ko biyu. Sannan a cike ramin. Don wannan aiki na fi son filar da masu fentin mota suke amfani da ita, wadda ake haɗawa da ɗan maganin daskarewa, domin tana ƙanƙamewa cikin minti ashirin zuwa talatin, ba ta raguwa sosai bayan ta bushe, kuma ba ta da ruwan da zai kumbura MDF. A riƙa kwaɓa kaɗan kaɗan, iya abin da za a shafa cikin minti uku ko huɗu, saboda a lokacin zafi tana daskarewa a kan faranti kafin a ankara. A shafa ta ta ɗan ɗara fuskar katako, domin gurza ce za ta daidaita ta. A cike mahaɗar allunan da za su kasance a fili, a kuma kankare duk gam ɗin da ya tsattsafo ya bushe, domin fenti ba ya kama shi yadda yake kama katako.

Idan fila ta bushe, a gurza ta da samfefa mai lamba 120 har ta yi daidai da katako, sannan a bi da lamba 180. Lambar samfefa tana nuna laushinta: ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi. Wajibi ne a naɗe samfefar a jikin guntun katako mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, kada a gurza da yatsu kawai, domin yatsu suna bin rami su ƙara masa zurfi, katako kuwa yana aske tudu ya bar kwari. Fuskar MDF ba ta buƙatar gurza mai ƙarfi. A bi ta sama sama da lamba 220 domin firaima ya sami abin kamawa, amma kada a cinye fatar nan mai santsi da masana'anta ta yi mata, saboda abin da yake ƙarƙashinta ya fi shan fenti. Kusurwoyi masu kaifi kuma a ɗan dakushe su da samfefa sau biyu ko uku, domin fenti yana janyewa daga kaifi ya bar wurin da siriri, kuma nan ne yake fara ɓarewa.

Ƙurar MDF tana da laushi ƙwarai, kuma gam ɗin da aka haɗa shi da shi yakan ƙunshi sinadarin fomaldihaid, saboda haka a sa takunkumin ƙura mai kyau, a yi gurzar a waje ko inda iska take wucewa.

Bakin MDF

Wannan mataki ne ya fi bambanta akwatin da ya yi kama da na masana'anta da wanda kowa zai gane a tsakar gida aka yi shi. Bakin da robar baki za ta rufe ba ya buƙatar wahala mai yawa, hawa ɗaya na firaima ya isa ya kare shi daga laima, sai dai a kula kada fenti ya cika ramin robar, kuma idan ya shiga a bi shi da bakin kwali tun bai bushe ba. Amma duk bakin da zai kasance a fili, kamar gaban faifan maɓallai, da kewayen allon kallo, da gefen ƙofa, sai an toshe shi kafin firaima.

A fara gurza bakin da lamba 180, sannan 220, har gashin da zarto ya tayar ya kwanta. Daga nan akwai hanyoyi. Mafi tabbas a wurina ita ce firaima na shalak, wato wani irin ƙaro da ake narkawa da sifirit, irin Zinsser BIN, domin yana bushewa cikin ƙasa da awa ɗaya, ba shi da ruwa, kuma yana ƙanƙame zaren katakon har a iya aske shi da samfefa. A shafa shi da buroshi a baki kaɗai, a bari ya bushe, a gurza da lamba 320, a maimaita sau biyu ko uku. Inda ba a samu wannan ba, silar da kafintoci suke fesa wa kujeru da gadaje kafin su sa banish tana yin aikin, haka kuma ana iya shafa filar mota siririya da yatsa ko guntun roba a gurza ta. Wasu suna tsarma farin gam na katako da ruwa su shafa, kuma yana toshewa, amma ruwan yana tayar da zaren, kuma gam ɗin yana danƙo a ƙarƙashin samfefa, don haka ba na sa shi a gaba idan akwai wani zaɓi.

Alamar cewa baki ya toshe ita ce idan aka shafa masa sabon hawa ya zauna a sama yana sheƙi na ɗan lokaci, maimakon ya nutse nan take ya bar wurin a bushe. Idan aka shafa yatsa kuma, a ji shi da santsi ɗaya da fuskar allon. Kada a manta da bakin da yake taka ƙasa. Ba wanda zai gan shi, amma shi ne yake shan ruwan goge ɗaki, kuma daga nan kumburi yake farawa ya hau sama. A toshe shi da kyau, a kuma sa wa akwatin ƙafafun roba ko tayoyi da za su ɗaga shi daga daɓe.

Wuri, lokaci da kariyar jiki

Ana buƙatar wuri mai inuwa, mai wucewar iska amma ba mai kaɗawa ba, kamar gareji da aka buɗe ƙofarsa ko rumfar da aka kewaye gefenta da leda. Rana kai tsaye tana busar da saman fenti kafin ƙasansa, iska mai ƙarfi kuma tana kwashe feshin tana kawo ƙura. A share wurin tun jiya, a yayyafa wa ƙasa ruwa kaɗan kafin a fara domin ƙura ta kwanta, amma a ɗora akwatin a kan katakai kada ya taɓa jiƙaƙƙen daɓe. Akasarin gwangwanaye suna nuna a yi feshi tsakanin digiri 10 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, a kuma guji laima mai yawa. Ga wanda yake ƙasar Hausa, wannan yana nufin a lokacin bazara a yi aiki da sassafe kafin rana ta ɗaga, da damina a guji ranar hadari da safiyar da aka kwana ana ruwa, domin laima tana sa fenti ya yi hazo fari fari, da hunturu kuma a zaɓi ranar da ƙura ta lafa, a rufe wurin sosai.

Takunkumin ƙura ba ya tare tururin fenti. Ana buƙatar takunkumi mai gwangwanin tace tururin sinadarai, irin wanda a tsarin Turai ake rubuta masa A2P3, tare da tabarau da safar hannu. Tururin yana kama wuta, saboda haka kada a yi feshi kusa da janareta mai aiki, ko murhu, ko mai shan taba, kuma kada a bar gwangwani a rana ko a cikin mota, domin a jikinsa an rubuta kada zafinsa ya wuce digiri 50. Akwai fentin mota mai haɗi biyu da ake kira 2K, wanda yake da ƙarfi da ƙyalli ƙwarai, amma maganin daskarewarsa yana ƙunshe da sinadarin aisosayanet mai illa ga huhu, kuma masu aiki da shi bisa ƙa'ida suna sa takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Shawarata ita ce mai aiki a gida ya bar shi, domin akwatin wasa ba ya buƙatar abin da zai taɓa numfashin mai shi.

Firaima

A kan MDF a zaɓi firaima na mai ko na shalak, ko firaima mai kauri na gwangwani da ake yi don cike ƙananan ƙarzuwa. Na ruwa yana tayar da zaren katakon, musamman inda aka gurza. Launin firaima ma yana da muhimmanci: ruwan toka ya dace da baƙi da shuɗi mai duhu, amma rawaya da ja da ruwan lemo ba su da ƙarfin rufewa, don haka fari suke so a ƙarƙashinsu, in ba haka ba za a ƙarar da gwangwanaye da yawa kuma launin ya fito a dushe. Ya fi aminci a sayi firaima da fenti na kamfani ɗaya kuma iri ɗaya. Dalili shi ne tinar da take cikin wani fenti, musamman irin na seluloz, tana narkar da fentin mai da yake ƙarƙashinta ya yamutse kamar tsohuwar fata. Gwaji a kan guntun katako shi ne yake nuna wannan tun kafin a yi asara.

A lissafa yawan abin da za a saya. Akwati mai tsawon kamar santimita 170 yana da fuskar waje da ta kai kimanin murabba'in mita biyar, gwangwani mai mililita 400 kuma yakan rufe tsakanin murabba'in mita ɗaya zuwa biyu a hawa ɗaya. Hawa biyu na firaima da uku na launi suna iya cinye gwangwani goma sha biyar ko fiye. Saboda tsadar wannan, ba laifi a shafa firaima da ƙaramar rola ta soso a manyan bangaye, tun da za a gurza shi daga baya, a bar feshi ga launi kaɗai. Wanda yake da kwamfiresa da bindigar feshi zai fi samun sauƙi: baki mai milimita 1.8 ya dace da firaima, mai 1.3 ko 1.4 kuma da launi, a tsarma fenti gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, a tace shi, a kuma sa matarin ruwa a tiyon iska, domin ɗigon ruwa ɗaya daga tankin kwamfiresa yana ɓata bango guda.

A share ƙura da buroshi, a bi da tsumma mai tsabta marar gashi. A sa hawa na farko siriri, a bari ya bushe iya lokacin da gwangwani ya faɗa, wanda ga firaima na mai yakan kai kwana guda kafin ya gurzu. A gwada da samfefa mai lamba 320 a wani lungu: idan ya fito gari kamar alli, ya bushe, idan kuma ya dunƙule ya toshe samfefar, a ƙara masa lokaci. Bayan gurza za a ga aibobin da da ba a gani ba, domin launi ɗaya da ya rufe komai yana fito da su. A kashe fitilar ɗaki, a kwantar da tocila a jikin bangon yadda haskenta zai bi fuskar a kaikaice, kowane rami zai yi inuwa. A yi masa alama da fensir, a cike, a gurza, a sake firaima.

Masu fentin mota suna da wata dabara da ta cancanci a ara. Bayan hawa na biyu ya bushe, sai a ɗan watsa baƙin fenti daga nesa, ba don ya rufe ba, sai don ya yi ɗige ɗige a kan firaima. Idan aka gurza da samfefa a jikin katako, baƙin zai tafi daga ko'ina sai cikin kwari, kuma duk inda ya rage nan ne ake da sauran aiki. A gama da lamba 400. Idan gurza ta huda firaima har katako ya leƙo, a sake fesa wa wurin, domin launi zai nutse a nan ya bar tabo marar sheƙi. Cikin akwatin ma a ba shi hawa ɗaya don laima, amma ba ya buƙatar gurza.

Feshin launi

Game da zaɓin fenti, baƙi mai ɗan sheƙi kaɗan shi ne ya fi yafiya, kuma shi ya fi dacewa da gaba da sama da baya. Mai cikakken ƙyalli yana da kyau a bangayen gefe idan shimfiɗar ta yi daidai, amma yana nuna sawun yatsu da kowace ƙura. Kewayen allon kallo kuwa a yi masa baƙi marar ƙyalli, domin kada ya riƙa mayar da haske a idon mai wasa. Idan launi biyu za a yi, a fara da mai haske, a bar shi ya bushe sosai, a rufe shi da salatif na takarda da jarida, a danne bakin salatif da farce domin kada fenti ya kutsa ƙarƙashinsa, sannan a fesa mai duhu, a ɓare salatif a hankali kafin fentin ya ƙanƙame.

A girgiza gwangwani minti biyu cur daga lokacin da aka fara jin ƙarar ɗan ƙarfen da yake ciki, a kuma riƙa sake girgizawa a tsakiyar aiki. Da sanyin safiyar hunturu ana iya tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi kaɗan na 'yan mintuna domin feshin ya fita da laushi, amma ba ruwan zafi ba, kuma ba a kusa da wuta ba. A fara fesawa a kan kwali a ga yadda yake fita.

A riƙe gwangwani da tazarar santimita 20 zuwa 30 daga katako, bindigar feshi kuma 15 zuwa 20. Hannu gaba ɗaya ne zai riƙa tafiya daga gefe zuwa gefe a miƙe, ba wuyan hannu ne zai riƙa lanƙwasa ba, domin lanƙwasa tana kusantar da feshi a tsakiya ta nisantar da shi a gefe, sai tsakiya ta yi kauri gefe ya yi ƙura. A danna kan gwangwani kafin a iso bakin allo, a wuce da shi har a fita ɗaya bakin sannan a saki, saboda a farkon dannawa da ƙarshenta ne yake tofar da manyan ɗigo. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. A fara da bakuna da lunguna da cikin kusurwoyi, sannan manyan fuskoki, daga sama zuwa ƙasa. Idan akwatin zai kwantu a gefensa a kan katakai da aka naɗe da tsumma, feshin bango a kwance ya fi aminci daga zubowa, sai dai gwangwani ba ya son a kifa shi sosai, kuma sai gefe ɗaya ya bushe ƙwarai kafin a juya.

Hawa na farko ya zama siriri har ana hango firaima ta cikinsa. Zai yi muni a ido, kuma a nan ne zuciya take raya wa mutum ya ƙara, amma aikinsa shi ne ya zama abin da na biyu zai kama. Bayan minti goma zuwa goma sha biyar a sa na biyu da ɗan nauyi, sannan na uku wanda zai jiƙa fuskar ta yi sheƙi bai ɗaya ba tare da ya zubo ba. A tsaya inda haske yake faɗowa a kan fentin a kaikaice, domin ta haka ne ake ganin iyakar inda ya jiƙa.

Akwai ƙa'idar lokaci da mutane da yawa ba sa karantawa. Fentin mai na gwangwani da yawa, kamar wasu na Rust-Oleum, suna cewa a ƙara hawa cikin awa ɗaya, in kuwa an wuce haka a jira awa 48. A tsakanin waɗannan lokuta biyu saman fentin ya yi fata amma ƙasansa ɗanye ne, kuma sabon hawa yana kumbura shi ya tattare. A karanta abin da gwangwanin da yake hannu ya ce, a bi shi. Idan an gama, a kifa gwangwanin a fesa na daƙiƙa kaɗan har iska kaɗai take fita, domin kada bakinsa ya toshe, sai dai in irin wanda aka yi don fesawa ta kowace fuska ne, shi goge bakin kawai ake yi.

Idan wani abu ya ɓaci

Idan fenti ya zubo ya yi dalala, an kusanto da yawa ne ko hannu ya yi jinkiri. Kada a share shi yana ɗanye, domin tabon zai fi girma. A bar shi kwana biyu ko uku, a aske shi da lamba 400 a jikin katako, a sake fesa allon gaba ɗaya. Idan fuskar ta fito da ƙuraje kamar ɓawon lemo, ko tana kaushi kamar yashi, fentin ya bushe ne a iska kafin ya sauka, saboda nisa ko zafi, kuma maganinsa gurza da lamba 600 da sake hawa a kusa kaɗan da sanyin safiya. Ƙananan ramuka masu zagaye da fenti yake gudu daga tsakiyarsu alamar maiƙo ce, daga hannu ko man goge kujera ko tiyon kwamfiresa, kuma sai an gurza wurin an goge shi da abin cire maiƙo kafin a sake. Ƙwaro ko gashi da ya faɗa a bar shi har fenti ya bushe, sannan a cire shi da samfefa mai laushi.

Bushewa da mayar da kaya

Fenti yana daina kama yatsa cikin awa ɗaya ko biyu, amma ƙarfinsa na gaskiya yana ɗaukar mako guda ko fiye, kuma fentin mai yakan kai makonni. A bar akwatin a inuwa inda iska take shiga. Za a iya gwadawa da farce a wurin da ba a gani: idan ya bar sawu, ko hanci yana jin warin tina idan aka kusanto, bai gama ba. Banish marar launi ba dole ba ne a jikin akwatin, amma faifan maɓallai, inda gumi da tafin hannu suke gurzawa kullum, yana buƙatar kariya, ko hawa biyu na banish irin na kamfanin fentin, ko hoton leda mai rufi, ko farantin roba mai haske a samansa.

Hoton leda da ake mannawa a bangayen gefe a jinkirta shi aƙalla mako ɗaya zuwa biyu, domin tururin da yake ci gaba da fita daga fenti yana taruwa a ƙarƙashin ledar ya yi ƙwai ƙwai. Bangon da za a manna wa hoto ma yana buƙatar santsi iri ɗaya da sauran, saboda leda tana bin kowane tudu da ƙwayar ƙura. A manna shi daga sama, ana ɓare takardar bayansa kaɗan kaɗan ana dannawa da roba mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, a yanke rarar da sabuwar reza a bakin allo. Bayan haka ne ake sa robar baki, domin ta danne bakin ledar. A fara ta daga ƙasa ta baya inda mahaɗarta ba za ta fito ba, a riƙa buga ta da gudumar roba, a kusurwa kuma a yanke ɗan haƙorin da yake shiga rami domin ta lanƙwasu. Wajen mayar da maɓallai da sukurori a ɗaure su da hannu, a tsaya da zarar sun kama, domin sabon fenti yana murɗewa ya tsage a kewayen abin da aka matse da ƙarfi.